Tsarabar Lokotoro Muktari

Gidan Ciɗo, ta Takanamat
3 ga Yuli, 2024

Zuwa ga taubashina Muktari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da karatunka na tsufa. Mutum ya yi shekara tara yana duba marasa lafiya ana ce masa lokotoro a Tawa, furfura ta fara leƙo masa, sannan ya rataya jaka ya koma aji a Dakar. Da na gaya wa yaran da nake koyarwa a lekol sai da suka yi dariya. Kada ka ce na raina ka. Tun da kakana ne ya yi goyon kakarka, ina da ikon faɗa maka duk abin da na ga dama.

Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an gama shuka. Surukata Inna Raƙiya tana gaishe ka, haka autata Zahara, wadda haƙoranta na gaba suka zube take ta ɓoye baki. Har yanzu waya ba ta kamawa a garin nan, don haka zan ba Attahir direba takardar nan ran kasuwa, in ya isa Tawa ya ɗauki hotonta ya tura maka. In ka amsa, zai sa a buga mini a takarda ya kawo. Kada ka aiko da murya, don duk motar zai kunna wa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maigida ba shi da lafiya. Kafin azumi yana ginar rijiya wajen Bambeye, dutse ya kuɓuce daga sama ya sare shi a ƙwaurin hagu. Ba wani babban rauni ba ne, ya ga waɗanda suka fi shi a aikinsa. Na yi yadda ka sabar mana. Na buɗe gwangwanin tsarabarka, na duba takardar da ka manna a murfi, wajen da ka rubuta “miki”, na ba shi kafso ja-da-baƙi kwana uku. Inna kuma ta fasa biyu ta barbaɗa garin a kai. Mikin ya rufe, Maigida ya koma rami. Bayan ƙaramar salla ya sake buɗewa, na ba shi farin nan, sipro. Ya rufe, ya buɗe. Na ba shi kotiri. Majo, ma'aikacin jinya na asibitin gari, ya yi masa allura kwana biyar. Yanzu wata huɗu ke nan, wurin yana zubar da ruwa, kuma ya fara wari. Shi dai ka san shi, cewa yake yi ba komai, amma bana bai iya bin shuka ba, a bakin gona ya zauna yana kallonmu.

Kowa in ya zo gida sabulu yake kawowa da atamfa, kai kuwa magani kake cika mana gwangwani da shi, kuma duk garin nan babu gidan da bai ci arzikinsa ba. Ban taɓa roƙonka wani abu ba sai yau. Ka rubuto mini sunan wanda ya fi waɗannan ƙarfi, in ba Attahir ya sayo a farmasi. Suna kawai nake so, ba wa'azi ba.

Taubashiyarka,
Sharifa

*

Dakar
6 ga Yuli, 2024

Sharifa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode da tsiyar da kika yi mini, na yi kewarta. Ina lafiya, sai dai kifi ya ishe ni, fura nake so. Ki gaishe da Inna Raƙiya, ki ce wa Zahara haƙori zai fito. Ki yi wa Idrisa sannu da jiki.

Ba zan ba ki sunan da kika nema ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Mikin da ya yi wata huɗu a ƙwauri yana rufewa yana buɗewa, ina tsoron ya kai ƙashi. Kin san yadda manoman wake suke cewa maganin feshin da yake kashe tsutsa da, yanzu wanka kawai yake mata? Haka ƙwayoyin cuta suke. In an ba su magani kaɗan aka tsaya, raunanan su mutu, masu taurin su rage su hayayyafa, gobe wannan maganin ba ya taɓa su. Kin ba shi kala uku, kowanne kwana uku kin tsaya. Babu abin da ya fi wannan ɓarna. In na ƙara miki na huɗu da ka, shi ma haka zai ƙare.

Abin da nake koyo a nan ke nan. Ana ɗiban ruwan miki a kai labo, a shuka shi a faranti har ƙwayar cutar ta tsiro, a jera mata magunguna a ga wanda zai kashe ta. Wanda ta fi ƙarfinsa a rubuta masa R, wanda ke cin ta a rubuta masa S. Satin da na zo an raba mana tambayoyi. Ta farko: ko magunguna sun fara daina aiki a ƙasarku? Dukanmu muka ce i. Ta biyu: ko yadda kake rubuta ordonas, takardar magani, yana da hannu a ciki? Mu goma sha huɗu, goma sha biyu muka ce a'a, har da ni. Kowa laifin masu tallan magani a kasuwa yake gani.

Ki kai shi Tawa da wuri, kilinik ɗin da na yi aiki, wajen Lokotoro Alƙasum. Akwai labo kusa da su da ke wannan aikin. Alƙasum mutumin kirki ne, shi ya koya mini aiki, amma hannunsa ya saba: magani kala uku-uku yake rubutawa tun marar lafiya bai zauna ba. Don haka ga abin da nake so ki riƙe, na ja masa layi: kada ki bari kowa ya ba Idrisa wani antibiyotik, na sha ko na allura, sai an ɗebi ruwan mikin an kai labo.

Gwangwanin nan kuma ki rufe shi, kada ki ƙara ba kowa komai daga ciki.

Naki,
Muktari

*

Tawa
24 ga Yuli, 2024

Muktari,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mun baro Inna da Zahara lafiya. Maigida da sauƙi zan ce, don haka ake cewa.

Takardarka ta iso ni ran sha uku. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na je na buɗe murfin gwangwani don in tabbatar ban haukace ba. Ka ce babu abin da ya fi kwana uku ɓarna. Rubutun wa ke cikin murfin? “Miki: ja-da-baƙi, safe da yamma, kwana uku.” Hannunka ne, da biro shuɗi, har da sa hannunka a ƙasa kamar wani gwamna. Ina tsaye a ranar da ka rubuta. Na ce maka ba bakwai ba ne? Ka ce in aka yi bakwai-bakwai tsarabar ba za ta zaga dangi ba, kuma mutanenmu da sun ji sauƙi ba sa ƙarasawa. Yau ka zauna bakin teku kana gaya mini na yi ɓarna. Wallahi na ji zafin wannan magana, kuma har yanzu ina ji.

Duk da haka na bi umarninka. Kori, rafin nan na damina, ya cika ya hana mu wucewa kwana shida. Ran sha tara aka ɗora Maigida a amalanke aka tsallaka da shi, ni ina biye ruwa har ƙugu. A nan ƙaramar wayata ta faɗa ruwa, da lambarka a ciki.

Lokotoro Alƙasum ya karɓe mu hannu biyu. Ya buɗe mikin, ya duba, ya ɗauki biro. Na ce masa a dakata, sai an kai labo. Da na ga bai fahimce ni ba sai na miƙa masa takardarka. Na manta da abin da ka faɗa a kansa a ciki, sai da na ga fuskarsa ta sake. Ya ninke ta ya miƙo mini ya ce, “Madam, ni na koya mai riƙon allura. Shi ad da littahi, ni ad da marar lahiya. In ban rubuta ba, mutum ya hita nan ya tai wurin mai teburin magani ya saye rabi. Wanne ya hi?” Na roƙe shi ya kira ka, ya ce ba shi da abin gaya wa mutanen Dakar.

Ya aika labo, aka ce abin da ake shuka cutar a kai ya ƙare tun watan jiya, ana jiran a kawo daga Yamai. Yau, gobe. Kwana biyar ke nan. Kullum da safe ana wanke mikin, ana ba shi na zazzaɓi, kullum Lokotoro ya zo ya tsaya ya ce, “Madam, in sa mai?” ni kuma in ce a'a. Ka ja layi, na riƙe layin. Maigida ya ce abin da Muktari ya faɗa shi ke nan, ai ya fi mu sani.

Amma jikinsa zafi yake ƙarawa, kumburin ya hau har gwiwa, matar da ke jinya a gadon kusa da mu ta fara toshe hanci da mayafi. Ina jin tsoro. Ka gaya mini in ci gaba da jira ko yaya. Zan kai wa Attahir wannan a tasha yanzu, shi kaɗai ke da lambarka.

Sharifa

*

Dakar
2 ga Agusta, 2024

Sharifa,

Assalamu alaikum. Yau da hantsi takardarki ta ashirin da huɗu ta shigo. Attahir ya ce wayarsa ba caji ranar, ya sa ta aljihu ya yi arewa, kori ya tsare shi can kwana tara. Ni kuma ina ta kiran lambarki ba ta shiga, na ɗauka kuna ƙauye ruwa ya hana ku fitowa. Na kira Alƙasum sau biyu bai ɗauka ba, na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ki bari a ba shi magani. Yanzu, duk abin da Alƙasum ya ce. Da na rubuta layin nan, yini ɗaya nake nufi: a ɗebi ruwan da safe, a fara magani da rana. Ban yi tunanin labo zai rasa kayan aiki ba, ni da na yi shekara tara a wurin na san sau nawa hakan ke faruwa. Wata goma a inda komai ke cikin firji sun mantar da ni. Ya kamata in rubuta cewa in zazzaɓi ya hau, ko kumburi ya wuce inda yake, a watsar da maganata. Ban rubuta ba. Ba ke kika karanta ba daidai ba, ni na rubuta rabi.

Maganar murfi kuma, gaskiyarki. Hannuna ne. Da na rubuta miki waccan takarda na tuna sarai, na zaɓi in yi kamar na manta. Ki yafe mini.

Na samu lambar wata mai jinya a kilinik ɗin, zan kira ta in ta shiga aiki ta kai miki wayar. Allah ya sa ban makara ba.

Muktari

*

Tawa
9 ga Agusta, 2024

Muktari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. An aiko daga gida cewa Inna da Zahara suna lafiya, gero ya kai gwiwa, maƙwabta sun yi mana noman farko.

Ran da ka kira na kasa magana, kai ma ka ji. Ina riƙe da wayar mutane, tana tsaye tana jira, Maigida yana kallona. Abin da ban iya faɗa da baki ba ga shi a rubuce.

Kwana goma sha ɗaya na riƙe layinka. Ran talatin ga wata bayan azahar ya fara magana da mutanen da ba sa ɗakin. Yana cewa a saki igiya, a jawo guga, ƙasa tana zubowa. Ya kama hannuna yana kirana da sunan abokin aikinsa. Na fita da gudu ba takalmi na sami Lokotoro Alƙasum a ofis na ce masa ya sa duk abin da zai sa. Na shirya jin baƙar magana. Sai kawai ya tashi ya ɗaura ruwa da kansa, ya zuba allurai kala biyu. Sai da ya gama ya ce, “Ki tai ki sa takalminki, Madam.”

Kwana uku ana yi, zazzaɓin bai ko gusa ba. Ya sake wata allurar. Naman ya fara baƙi. Ran uku ga wata, washegarin kiranka, aka kai shi inda ake aiki aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Da aka zo neman yardarsa hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce mini, “Bari su yi. Na gina rijiya ta hi arba'in, ta ishe ni. Ni dai in ga girbi.” Mutumin da ke sauka gaba ashirin cikin ƙasa da igiya ɗaya, yau ni nake juya shi a gado.

Lokotoro Alƙasum ya gaji da jiran labon nan. Ya ɗebi ruwan da guntun ƙashin, ya sa a kwalba cikin ƙanƙara, ya kai tasha da kansa ya aika wa wani abokinsa a Yamai. Ya ce in sakamako ya fito zai tura maka. Jiya ya zauna bakin gado ya daɗe, ya ce mini shekara goma baya allurar nan guda ɗaya tana tayar da wanda ya fi wannan, yanzu kamar ruwan randa yake zubawa. Ya ce bana wannan ne na huɗu da ya gani. Na tambaye shi to me ya sa har yanzu yake rubuta ta ga kowa. Ya ce, “Mi zan rubuta? In ce ma uwa ta koma gida da ɗanta hannu wohi?”

Wurin yankan bai bushe ba, ya fara irin warin nan. Zazzaɓi yana sauka da safe ya dawo da la'asar.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kada ka lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Kwana goma sha ɗayan nan da na tsaya a bakin gado ina cewa a'a, su suka ci ƙafar? Ba na iya cin abinci saboda wannan tambayar.

Sharifa

*

Dakar
14 ga Agusta, 2024

Sharifa,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Alƙasum ya turo mini sakamakon yau da safe, kuma mun yi magana, ta farko tun da na taho. Ga amsar tambayarki, ba lallashi. Allurai ukun da ya yi wa Idrisa duk R ne a takardar. Da kin bari an sa su tun ranar da kuka iso, da ba su yi komai ba. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne, da an ga sun kasa tun farko, wataƙila da an yi aikin da wuri, kafin cutar ta shiga jini. Wannan jinkirin nawa ne, ni na ja layin. Ki ci abinci.

Magani goma sha biyu aka gwada, sha ɗaya R. Amoksi, wato ja-da-baƙinki. Sipro. Kotiri. Na bi su da yatsa daga sama har ƙasa, sai na ga kamar ina karanta murfin gwangwani. Malaminmu ya ce ba wanda zai iya rantsuwa daga ina ƙwayar nan ta samo taurinta, tana iya zama daga ruwa, ko dabbobin da ake ɗura wa kafso, ko wani gadon asibiti. Na san haka ne. Amma ni na san abin da na zuba a garinmu shekara tara. Ina jin daɗin yadda ake taruwa in na sauka daga mota, tsofaffi suna sa mini albarka, ana cewa ɗan gidan nan bai manta da mu ba. Kunya nake ji in zo da sabulu kamar kowa. Ban taɓa duba ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka sha ba.

Guda ɗaya ne S. Allura ce, babu ita a Tawa, abokin Alƙasum ya zaga Yamai bai samu ba. Na same ta a nan, ta kwana goma. Wani ɗan kasuwa Bamaradi zai taso da ita a jirgi ran sha takwas, ya sa ta a motar Tawa. In Allah ya so ran sha tara ko ashirin tana hannun Alƙasum. Ki gaya wa Idrisa tsarabata tana hanya, wannan karon wadda aka auna ce. Ki ce masa ya yi haƙuri ya jira ni kwana shida.

Naki,
Muktari

*

Gidan Ciɗo
5 ga Satumba, 2024

Muktari,

Assalamu alaikum. Na samu ta'aziyyarka ta hannun Attahir, na gode, Allah ya ba da lada. Inna tana nan, ba ta cika magana ba. Gero ya fitar da kai, bana zai yi kyau.

Idrisa. Shekara goma sha tara ina aurensa ban taɓa kiran sunan nan ba, ban taɓa rubuta shi ba sai yau. Na san Lokotoro Alƙasum ya gaya maka ranar, amma bai gaya maka yadda aka yi ba. Na karanta masa takardarka ran sha biyar. Ya yi murmushi ya ce, “Muktari da tsaraba.” Ya ƙirga kwana shidan da yatsunsa ya ce zai ƙoƙarta. Ran sha bakwai da hantsi ya nemi fura, ya sha cokali biyu, ya ce a gyara masa ƙafar da ba ta nan don tana masa ƙaiƙayi. Kafin azahar ya cika. A Tawa aka yi masa sutura, kori bai bari a kawo shi gida ba.

Allurarka ta iso ran ashirin, ina shirin tasowa. Lokotoro ya kawo mini kwalin har masauki bai buɗe ba, ya ce nawa ne. Ka tuna matar da na ce tana toshe hanci? Ɗiyarta take jinya, an yi mata aikin haihuwa, wurin ya ƙi rufewa, kuma kafin mu rabu ita ma ta fara warin. Na ce a ba ta. Ban san ko ta tashi ba.

Ba na riƙe da kai a zuciya. Na so in riƙe, na kasa, don akwai abin da ban gaya maka ba. Shekara shida baya, da mata suka dame ni da zuwa tambayar wane kafso ne na zawo wane ne na tari, sai na rubuta takardarka ta murfi a allon aji na sa yaran babban aji suka kwafe a matsayin darasin gyaran hannu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara musu kuskure da jan biro. Shekara uku ina yin haka. Yau babu gidan da babu ita a garin nan, har rugar Buzaye da ke bayan dutse an kai. In gwangwanina ya ƙare, a kasuwa suke saye su bi takardar. Kai ka rubuta sau ɗaya, ni na mayar da ita ɗari.

Wajen zaman makoki na yi ƙoƙarin gaya musu. Na fito da takardar Yamai na nuna musu R ɗin nan a jere. Suka saurara, suka ce Allah ya jiƙansa, kwanansa ne ya ƙare. Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni yaushe Lokotoro Muktari zai zo gida, don nata ya ƙare tun bazara, kuma na kasuwa ba su kai naka kyau ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Zahara ba ta da lafiya. Kwana uku ke nan tana zazzaɓi da tari, jiya numfashinta ya fara sauri, ina ganin haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Kori ya sake cika, amalanke ba ta wucewa, Attahir ma a can bakin ya tsaya, wani mai iyo ne zai tsallaka masa da takardar nan. Ni ina cikin takaba. Ko na fita, ko na tsallaka, majo abin da ke cikin gwangwanin zai rubuta mini, ba tare da ya shuka komai a faranti ba.

Ka ce in rufe shi, na rufe. Ban zubar ba. Sau biyu na ɗauke shi na nufi bayan gida da shi na dawo. Tun shekaranjiya Inna take zaune kusa da yarinyar, gwangwanin kawai take kallo a kan kabad, sannan ta kalle ni. Ta rasa ɗanta wata bai cika ba.

Na san abin da R take nufi, na fi kowa a garin nan sani. Yau da safe na buɗe murfin. Saura ja-da-baƙi tara. Na fasa ɗaya na dama rabi a ruwa na ba ta, ta sha tana kuka. Ban sani ba ko ciwon nata irin wanda yake ji ne, ban sani ba ko rabi ya yi yawa ko ya yi kaɗan, takardarka ba ta faɗi na yara ba.

Ka rubuto mini ko in ci gaba ko in tsaya, da kwana nawa, da abin da zan yi in numfashin ya ƙaru. Wannan karon ka rubuta duka, kada ka bar rabi. In ruwa ya janye amsarka za ta iso ni nan da kwana bakwai. Kafin nan, da yamma zan ba ta sauran rabin.

Taubashiyarka,
Sharifa